Ranar da Dokin Katako Ya Ja Ni

Da fari ya cinye shanuna, na shigo garin Tawa, na samu aikin tuƙa lilon yara mai dawakan katako. Da mai lilon ya zo zai nuna mini birki, sai na ce, "Haba Alhaji, ni da na girma cikin garke?"

Ana cikin juyawa, ɗiyar wani soja ta fashe da kuka. Na manta da birki sarai, na cafke linzamin dokinta ina daka masa tsawa. Zagaye uku ya ja ni a ƙasa kafin uban ya tsayar da lilon. Na zaci sai kurkuku. Sai ga yarinyar ta sauko tana share mini gemu da ɗankwalinta, uban kuwa ya ƙyale ni.

Har yau in na koma gida, matata takan ce, "Malam, ka shayar da dabbobin?"