Tsakuwar Ɗan Gayu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin da ke ɗura tsakuwar tankin kifi a leda,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da duwatsunka baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, sunana Mubina, shekarata goma sha uku. Ba na iya magana a gaban mutane. Sau uku na zagaya shagon kayan dabbobi da ke titin Wendover a nan Greensboro ina so in tambayi ma'aikaciyar, sau uku na dawo na tsaya ina kallon abincin kyanwa, alhali ba mu da kyanwa. Shi ya sa na rubuto.

Anti Dalila ce ta ba ni kifi ja mai dogon bindi, na sa masa suna Ɗan Gayu. Ta haɗa mini da tanki mai cin galan ashirin, ta ce kada in sake shi ciki sai na shimfiɗa tsakuwa. Kafin nan muka sauke shi a babbar kular Mama. Mama ta ce ranar Asabar akwai suna, kuma kularta ta dafa-duka ce, ba otal ba. In Juma'a ta wuce bai tashi ba, za a mai da shi garin Pleasant Garden wurin Anti Dalila. Na yi kuka kaɗan, sannan na ɗauko biro na fara lissafi.

Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun rubuta a ledar cewa kowane galan yana son laba ɗaya, wato ma'aunin ƙasar nan da bai kai rabin kilo ba. Madalla. Na lissafa, na samu ashirin, har na yi rawa a kicin. Na kira Baba a wurin aiki na ce ya taho da ashirin. To me ya sa kuka ƙara wani ɗan ƙaramin rubutu na kilo a gindin ledar? Ba ku san Babana ba ne? Tun zuwansa ƙasar nan bai taɓa yarda da laba ba. Ya sa tabarau, ya nemo kilon, ya sayo kilo ashirin cif. Leda tara! Da muka juye, tsakuwa ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na tankin. Mama ta leƙo ta tambaya ko kifi za mu ajiye ko harsashin gida muke zubawa.

Na biyu. Kun ce a wanke sosai. Da me? Ba ku faɗa ba. Na ɗauko kwandon tace shinkafa. Kakata, Hajiya, ta same ni a kai. Ta ce shekara sittin tana tsince tsakuwa daga shinkafa tana watsarwa, yau ga jikarta ta sayo tsakuwar zalla tana yi mata wanka. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi, ta kira ƙawayenta biyu a Kano ta nuna musu ni ta bidiyo. Yanzu a can ma an san ni. Washegari Baba ya tauna wani abu shuɗi a cikin tuwo. Ban ce laifinku ba ne, ranka ya daɗe. Amma shuɗin naku ne.

Na uku. Shafinku na intanet ya ce in ninka tsawo da faɗi da zurfi, sannan in raba. Shin duk mai kifi sai ya zama injiniya? Na yi sau huɗu, na samu amsa huɗu, ɗaya ta ce leda ɗari da biyu.

Daga ƙarshe Hajiya ce ta ture ni gefe ranar Juma'a da la'asar. Ta kwashe tsakuwar da ludayi, ta tsoma ɗan yatsa kamar mai auna ruwan shinkafa, ta ce gaɓa biyu ta isa kowane kifi mai mutunci. Na sa rula a ɓoye. Inci biyu daidai! Ina ba ku shawara ku zana yatsa a ledarku, ku huta.

Kafin magariba Ɗan Gayu ya tare. Ba zai koma ko'ina ba! Na yi ihu har maƙwabciyarmu ta buga bango, ni da ko a aji ba a jin muryata.

Sai dai akwai na huɗu, kuma shi ne ya fi nauyi. Yana shiga ya fara ɗaukar tsakuwar da baki, ɗaya bayan ɗaya, yana tofarwa a lungun hagu. Yau kwana uku ke nan. Hagu ta zama tsauni, dama kuma gilashi ne fes. Ina roƙon alfarma, in kuna da wanda ke jin yaren kifi a ofishinku, ku turo shi ya yi masa bayanin inci biyu. Ni dai na gwada, ya juya mini bindi.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara tsakuwa.

Taka mai matuƙar biyayya,
Mubina Badaru
Greensboro