Ƙugiya a Ɗuwawu da Tukunyar Asibiti

Wani ne a wani ƙauyen masunta a gaɓar tsibirin Sulawesi, mutum mai son taimako ko ba a nema ba. Ran nan suka fita kamun kifi a kwalekwale shi da ƙanin matarsa Baso. Baso ya wulwula fatsa zai jefa, shi kuma gogan ya sunkuya yana kwarfe ruwa. Ƙugiya ta bar teku duk faɗinta, ta zo ta nutse masa a ɗuwawun hagu.

Baso ya ja, ya ji nauyi. Ya ce, "Yaya, yau mun yi babban kamu!"

"Ni ne, ɗan banza! Saki!"

Suka juyo gida. Baso ya yanke zaren, ya raka shi ƙaramin asibitin ƙauyen yana tafe yana dariya, shi kuma yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Sun yi sa'a ranar kasuwa ce, ranar da Likita Amirullah ke zuwa. Amma jirgin ruwa na yamma yake bi ya koma. In ya tafi, sai dai a goya mutum a babur zuwa birni, ga hanya duk ramuka. Da gogan ya tuna haka, sai da gumi ya keto masa.

Nas Rosmiati ta kwantar da shi rubda ciki a kan gado. Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta jawo ɗan teburi, ta kwance wani ƙunshin ƙyalle. Ga aska, ga hantsaki, ga almakashi.

Ta ce, "Kawu, kar ka motsa. Bari in kira likita."

Tana fita ya ɗaga kai ya ƙura wa kayan ido. Sai ya hango wani ɗan tabo a jikin hantsakin. Ya ce a ransa, yarinyar nan aiki ya yi mata yawa. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya huhhura masa iskar baki, ya sa gefen zanensa ya goge tas. Zanen kuwa tun asuba yake shan ruwan kifi. Da ya ga ya yi ƙyalli, sai ya bi sauran ma ya goge su.

Nas ta dawo ta same shi yana tofa wa almakashi ɗan yawu.

"Innalillahi! Kawu, me kake yi?"

"Babu komai, 'yata, kar ki gode mini. Dubi yadda suke walƙiya."

Ta dafe kai. Ta kwashe kayan ta zuba a roba, ta buɗe kabad ta ɗauko wani ƙunshin.

"Wannan shi ne na ƙarshe da ya rage dafaffe. Don Allah, don Annabi, kar ka taɓa shi da hannu. Ka ji?"

"Na ji. Ko da ɗan yatsa."

Ta kwance, ta leƙa ta ce wa likita an shirya. Likita yana can yana duba wata mai ciki, ya ce ta zo ta kama masa. Ta tafi.

Gogan yana kwance, hannuwa a ƙarƙashin haɓa, sai ga wani ƙuda ya shigo ta taga. Ya zagaya fitila, ya zagaya kansa, ya nufi teburi. Gogan ya ce, "Kai! Ba a taɓawa!" Ƙuda bai ji ba. Ya hura masa iska, ƙuda ya kauce ya dawo. Sai dabara ta zo masa. Ya cire malafarsa, ya kife a kan kayan, ruf. A cikin malafar ne yake ajiye jatan landen da yake ɗana wa kifi.

Likita da nas suka shigo tare. Nas ta tsaya cik.

"Ina kayan?"

"Suna ƙarƙashi, lafiya lau. Na tsare miki su."

Ta ɗaga malafa. Ga jatan lande biyu kwance a kan aska, ɗaya ma yana motsi.

"Kawu! Ban ce kar ka taɓa ba?"

"Kin ce da hannu. Tambayi Baso in na sa hannu."

Baso daga bakin ƙofa ya ce, "Gaskiya bai sa ba."

Likita ya dubi agogo, ya dubi ƙugiya. Ya ce, "A wanke duka a dafa. In jirgi ya yi ƙaho kafin su fito, Baba, sai babur."

"Likita, a yi haƙuri da su haka mana. Ɗan jatan lande ne, ci ma ake yi."

"Ba zan tsaga ka da wannan ba ko za ka yi kuka." Ya fita.

Nas ta wanke kayan da burushi, ta tsane su, ta naɗe, ta jera a cikin wata tukunyar ƙarfe mai murfi da makullai. Ta ɗora a kan gas. Gogan yana kallo.

"Wai 'yata, ƙarfe ma sai an dafa? Miya za a yi?"

"Ƙwayoyin cuta ake kashewa. Jiya wannan askar ta shiga jikin wani. In ba a dafa ba, abin da ke jininsa ya dawo naka."

"Ni ban ga komai a kanta ba."

"Ba a ganinsu. Suna hannunka, suna bakinka, zanenka kuwa garinsu ne. Ka tuna Ambo Dalle mai gyaran inji? Ƙusa ce kawai ta soke shi, ƙafa ta kumbura ta zama kamar kututturen kwakwa."

Ya tuna sarai. Can ya ce, "To ita wannan da ke jikina fa? Ai ƙarfe ce."

"Ƙarfe ce."

"Ba a dafa ta ba."

"Wa zai dafa ƙugiya?"

"Ruɓaɓɓen kifi ne a bakinta fa."

"Shi ya sa nake so a cire ta da wuri. Zafi ne kaɗai ke gamawa da su, Kawu, shi ya sa ka ga ina wannan wahala."

Tukunya ta yi ta huci har lokacinta ya cika. Nas ta kashe wuta, ta sauke ta a kan wani ɗan benci don tururin ya sauka. Ta nuna shi da yatsa.

"Kar ka buɗe. Kar ka goge. Kar ka rufe ta da komai. Ko ƙuda ka gani, ku gaisa kawai."

Ta fita kiran likita, ta ja Baso ya ɗebo mata ruwa.

Gogan ya rage shi kaɗai. Ya ji wurin yana zugi, ya ce shi ke nan, ƙwayoyin cutar sun fara gina gidaje. Ya hango kansa da ɗuwawu kamar kututturen kwakwa, matarsa Tenri tana faɗaɗa ƙofa. Ya dubi tukunya. Ga zafi a banza yana tashi. Ba a ce kar ya zauna ba.

Ya sauko a hankali, ya tattare zane, ya juya baya, ya yi bismilla.

Ihun da ya yi har kasuwa aka ji. Masu jirgi suka ɗauka ƙahonsu ne ya lalace. Likita, nas da Baso suka shigo a guje, suka same shi yana zagaya gado da tsalle, yana fifita da malafa.

"Me ya faru?"

"Na rage muku aiki, likita! Na dafa ta!"

Suka kama shi suka kwantar. Likita ya ɗaga zane. Ga shatin murfin tukunya ya fito ja wur, har da zanen makulli. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya mayar.

"Baba, ƙugiya tana hagu. Ɓangaren dama ka ƙona."

Gogan ya waiwayo, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Haba likita! Mahaukaci ne ni da zan zauna a kan ƙugiya?"