Doki Mai Taga

"Ni fa, in na ga dama, sai in sa mutum-mutumin shagon tela ya iya karatu, balle 'ya'yan da na haifa da cikina."

Wanda ya bugi ƙirji ya faɗi haka shi ne Injiniya Sai-Gobe, mai gyaran fanka. Injiniya shi ya raɗa wa kansa, Sai-Gobe kuwa masu kawo masa gyara ne suka ƙara masa don Allah. Abokina, in ka kai masa fanka da zafi, to ka koma ka sayi mafici, don sai sanyi ya shigo za ka sake ganinta. Amma a fagen cika baki babu gobe, nan take yake biyan mutum.

Abin da ya jawo wannan kuri shi ne sakamakon jarrabawar yaransa uku: Babba, da Na-Tsakiya, da Auta. Maiɗakinsa, wadda tela ce, ta dubi takardun, ta dubi talabijin ɗin falo, ta gane ɓarawonta.

"Baban yara, wannan akwatin ne ya cinye musu kai. Zan kira Yaya ya ɗauke ta ya kai makarantarsu."

Yayan nata malamin makaranta ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo, irin wanda Injiniya ba ya son zama kusa da shi. Ita kuwa talabijin, in ka ce rabin ransa ce ka rage mata. Ga shi ana tsakiyar gasar ƙwallo, ƙungiyarsa ta fara farfaɗowa bayan shekaru tana shan kashi.

"Haba Maman yara, laifin me talabijin ta yi? Dabara ce ba a yi ba. Ki bar ni da su zuwa ƙarshen hutu."

"Na bar ka. In Yaya ya zo ya tarar suna ɗaukar littafi da kansu, ba tsawa ba bulala, ta zauna. In ba haka ba, ka yi mata ban kwana." Ta zare wayar wutar talabijin ɗin, ta naɗe a hannu, ta shige ɗaki da ita.

Washegari Injiniya ya dira wajen mai sayar da tsofaffin takardu a bakin kasuwa. Bai buɗe ko ɗaya ba. Ɗagawa yake yi yana jinjinawa.

"Littafi kamar kankana yake, a hannu ake gane mai kyau," in ji shi. "Zubo min masu nauyi."

Mai takardu ya ga banza ta faɗi, ya tattaro masa duk abin da ya shekara yana tare masa hanya: littafin haɗa injin ban ruwa cikin wani harshe da ba wanda ya san na ina ne, da kundin dokokin haraji, da rabin ƙamus wanda ya fara daga tsakiyar baƙaƙe. Injiniya ya jibge su a falo yana haki.

"Ga ilimi nan. Ku far masa."

Suka far masa kuwa. Kafin la'asar Na-Tsakiya ya kafa ragar ƙwallo da injin ban ruwa da dokokin haraji, Auta ya taka ƙamus ya sauko da gwangwanin sukari daga kan kanta. Babba ce kaɗai ta buɗe ɗaya, ta duba ko da hoto, ta rufe.

Injiniya bai karaya ba, don shi abu ba ya ɓaci a hannunsa, sai dai ya ce gwaji ne. Ya sayo ledar alewa ya tara su.

"Duk wanda ya gama da shafi ɗaya, alewa ɗaya. Amma fa sai da shaida, don ni ba a yi min wayo."

Da ya dawo daga shago ya tarar sun yi layi a bakin ƙofa, kowa da tulin shaidarsa a hannu. Sun yage shafukan tas, har sun jera su bi da bi don kada lissafi ya ba Baba wahala. Dokokin haraji sun koma bango biyu da zare. Auta, da yake bai iya yaga da kyau ba, ya kawo nasa guntu-guntu, yana neman a biya shi kowane guntu.

Maman yara tana kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sun taɓa ganinka riƙe da littafi?"

Maganar ta soke shi, amma ba ita ta hana shi sukuni ba. Ƙungiyarsa za ta buga da yammacin nan. Da ta fita kai wa wata mata ɗinki, sai ya faɗa ɗakinta neman wayar talabijin. Ya birkice akwatinta har ƙasa, bai ga waya ba, sai wani littafi mai kauri da jan bango, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ya jinjina shi. Ya dubi wayar salularsa. Nan fa shaiɗanin dabara ya raɗa masa a kunne.

Ya tafi da shi shago, ya ɗora salular a tsakiyar shafi, ya zagaye ta da biro, ya sa reza ya yi ta yanka har ya haƙa mata rami daidai jikinta. Wannan ne aiki na farko a rayuwarsa da ya gama ranar da ya fara. Ya naɗe bangon da jarida, ya zura wayar abin sauraro ta hannun riga, ya dawo gida ya hakimce a kujerar falo.

"Ku yi min shiru, karatu nake yi."

To, abokina, ka taɓa ganin mai kallon ƙwallo ya zauna lafiya? Can sai Injiniya ya zabura, ya daki cinya. Can ya dafe kai yana salati. Can ya ce, "Wuce shi mana, wuce shi, ɗan banza." Can ya tuntsire da dariya har hula ta faɗi. Yara suka bar abin da suke yi suka zuba masa ido.

"Baba, me ya faru a ciki?" in ji Babba.

"Ba na yara ba ne. Duk wanda ya taɓa min shi, sai na saɓa masa."

Da ya gama ya zare salular a ɓoye, ya ɗora littafin can saman kabad. Haka aka yi ta yi duk yammacin da ake wasa. Shi a ransa ya gama da kowa: ga misali ya nuna, ga ƙwallo ya kalla. Bai san cewa in kana son yaro ya ci abu, cewa za ka yi kada ya taɓa ba.

Wata rana ya dawo ya ji gidan tsit. Gabansa ya faɗi, don gidan yara uku ba ya yin shiru sai an fasa wani abu. Ya leƙa falo. Ga kawuna uku a haɗe a kan tabarma, ga littafinsa a buɗe a tsakiya, ga rabin ƙamus a gindin kabad ya sake yin aikin tsani. Babba na karantawa a hankali da yatsa, ƙannen sun saki baki. Ashe labari ne na wani matuƙin jirgin ruwa da ya fita neman ƙanensa da ya ɓace.

"Baba, me ya sa yake da rami?" in ji Na-Tsakiya.

Zufa ta karyo wa Injiniya, amma bakinsa bai taɓa yin yaji ba.

"Haka littafin manya yake. Marubuci yana rubuta gefe da gefe, ya bar tsakiya don masu basira. Mu a ka muke karanta ta."

"Yawwa, to raba mana gardama," in ji Babba. "Nan an ce, da matuƙin ya isa garin, mai masaukinsa ya ba shi wani ƙaton, sai rami, sai 'ki' a ƙarshe. Na-Tsakiya ya ce jaki ne."

"Jaki? Ana ba baƙo jaki? Doki ne. Na tuna wurin sarai, fari ne ma."

Babba ta juya shafi, ta bi layin sama wanda reza ba ta kai ba.

"Sai ya share shi, ya shimfiɗa tabarma a cikinsa, ya kwanta."

"A cikin dokin?" in ji Auta.

"Dokin da ne. Suna da faɗin ciki."

"An ce kuma ya buɗe tagarsa don ya sha iska," in ji Babba.

"Na ƙasar waje ne. Ku dai ku yi karatu, za ku ga abin da ya fi haka."

Ɗaki ne, abokina, ko makaho ya shafa ya san ɗaki ne. Amma Injiniya ya riga ya hau doki, sauka kuma ba halinsa ba ce. Daga ranar ya shiga uku. Ba dama ya kalli wasa, don littafin ya bar hannunsa. Da ya sa ƙafa a gida za su tare shi da ramuka, shi kuma ya cika su da abin da ya zo bakinsa. Ya aurar da matuƙin ga wata mata, shafi na gaba ya nuna kakarsa ce. Ya kashe wani ɗan fashi, bayan shafi biyu mutumin ya shigo yana cin abinci. Yaran suka daina yarda da shi suka koma bin layi-layi da kansu don su kama shi, har Na-Tsakiya, wanda da ba ya iya haɗa baƙi uku, ya fara cewa, "Ba ni nan in duba, Baba ya cika shaci-faɗi."

Ranar da hutu ya ƙare Yayan Maman yara, wanda yara ke kira Kawu, ya iso, da ɗan dako a bayansa da igiya a kafaɗa. Ya yi sallama, ba yaron da ya taso da gudu. Suna kan tabarma suna jayayya a kan wani rami. Kawu ya tsaya yana kallo, Maman yara ta tsaya a bayansa, daɗi ya cika ta har ya fito a fuska.

Injiniya ya gyara wuyan riga.

"Yaya, sallami ɗan dakon nan, kada a ɓata masa lokaci. Ilimi fa ba a allo kaɗai yake ba. Wasu sun yi shekaru suna cin alli, wasu kuma baiwa ce. In makarantarku na so, ina iya zuwa in horar da malamai."

"Madalla," in ji Kawu. "Babba, karanta min in ji."

Ta miƙe, ta karanta tiryan-tiryan, har ta zo inda matuƙin ya gaji ya koma masauki. "Sai ya shiga dokinsa, ya kulle ƙofa, ya rataye rigarsa a ƙusa."

Ɗan dako ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Kawu ya miƙa hannu.

"Kawo littafin."

Ya buɗe, ya leƙa ramin, ya zura yatsu huɗu a ciki. Sannan ya kware jaridar, jan bango ya bayyana. Maman yara ta gane littafinta. Kyautar da aka ba ta ce shekarar da ta zo ta ɗaya a aji, ta adana shi tun tana yarinya, tana jiran yaran su yi hankalin da ba za su yaga shi ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa.

"Ɓera ne," in ji Injiniya. "Gidan nan akwai ɓeraye."

"Ɓeran ya iya aiki," in ji Kawu. "Har da biro ya fara zanawa."

Auta, wanda ba a tambaye shi ba, ya zura hannu a aljihun ubansa, ya zaro salula, ya sa a ramin. Ta zauna daram, ko iska ba ta wucewa.

"Kawu, ga tsakiyar labarin nan. Baba kaɗai ke karanta ta."

Injiniya ya nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce sai gobe. Ya yi tari, ya soma borin kunya.

"To ai dabarar ke nan. Da gangan na yi. Yaro in ka ba shi abu cikakke ba ya so. Daɗin abu a rasa tsakiyarsa, mutum ya cika da kansa. Kuma dai sharaɗi sharaɗi ne: suna karatu ko ba sa yi?"

Maman yara ta goge ido, ta dube shi tsawon lokaci.

"Suna yi, Baban yara. Ka ci. Talabijin ta zauna."

Kawu ya sallami ɗan dako, ya yi wa yaran alkawarin zai aro musu irin littafin marar rami daga makaranta, da wasu ma. Suka raka shi har bakin titi suna tambayarsa ko matuƙin ya ga ƙanensa.

Ranar wasan ƙarshe Injiniya ya rufe shago da wuri, ya taho gida da sassarfa. Ga wayar wuta an mayar, ga talabijin a kunne. Sai dai a tsakiyar gilashin an manna wani ƙaton kwali, an yanka shi da almakashin tela, gefe da gefe daidai wa daida, an bi shi da gam ɗin da yake liƙa fukafukan fanka da shi.

"Maman yara, mene ne wannan?"

"Dabararka ce. Na ga ta yi wa yara amfani, na ce kai ma kada a bar ka a baya."

Ya zauna. Ta gefen hagu yana ganin 'yan kallo, ta gefen dama tallan sabulu, ta ƙasa ciyawa da takalman alƙalin wasa. Ƙwallo da masu buga ta duk suna bayan kwali. Ya karkata, ya durƙusa, ya leƙa ta sama kamar mai leƙen katangar maƙwabta. Can mai sharhi ya ɓarke da ihu, 'yan kallon hagu suka miƙe, wasu na tsalle, wasu sun dafe kai.

"Ta shiga? Wa ya ci? Ku taimake ni, wa ya ci?"

Babba na kwance a tabarma da sabon littafin da Kawu ya aiko, ƙannenta a jikinta. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baba, rage murya, karatu muke yi. Tsakiya ai ta masu basira ce, ka karanta a ka."