Notin da Ban Ɗaure Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar jana'izar abokina Malam Buba ba. Makiyayi ne, mun taso tare a ƙasar Roni. Ni na tafi yawon duniya, na yi aikin jirgin ruwa a Baga da Yawuri har da bakin Bahar Maliya a Sudan, shi kuwa bai rabu da shanunsa ba. Ya sha ce mini da Fulatanci, duk wanda ya riga tafiya a cikinmu, ɗayan ne zai sa shi a kabari.

Labarin rasuwarsa ya same ni da safe, cikin damina. Ruwa ya cinye hanyar rugarsu, sai dai a haye ta dam. Na tarar da masu zuwa gaisuwa cirko-cirko a bakin ruwa, Sale mai jirgi ya ɗage ƙafar injinsa yana kallo.

"Baba Alhaji, man giyar injin ne ya koma kamar nono," in ji shi. "Bakanike kuma yana Kazaure."

Na naɗe hannun riga. (A gaskiya har wani daɗi na ji, Allah Ya yafe mini, alhali gawar abokina na jirana.) Na ce ruwa ne ya shiga man. Muka kwance notin ƙasa muka tsiyaye man, muka hura iska da famfon keke, na shafa ruwan sabulu don in gano inda ke yoyo. Kumfa ta tashi a bayan farfela. Da na cire farfelar, ga zaren komar masunta ya nannaɗe ƙarfen, ya yanke robar da ke hana ruwa shiga, wadda makanikai ke kira sil. Sale na da sabuwa a ajiye. Na sa ta, na ɗura sabon mai, hannu na aiki baki na zuba. Na ba su labarin yadda Larabawa ke yi, da yadda Barebari ke yi, da inda kowannensu ke kuskure. Na mayar da notin ƙasa da yatsu, na juya don in ƙarasa labarin Sudan, na ajiye sifana.

Sale ya sunkuyar da kai. "Baba, ko in ɗan ƙara bi ta kai?"

"Ka bi me? Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki."

Ya ce to. A Yawuri da yaron jirgi ya fizge sifanar daga hannuna. A nan kuwa ba a gyara wa mai furfura aiki a gaban jama'a.

Muna tsakiyar ruwa na ga mai yana bin bayanmu yana ƙyalli. Giyar ta yi ƙara, ta ƙame. Babu wanda ya dube ni. Aka ɗauki filafili ɗaya da gora, aka yi ta fama da iska.

Da muka sauka, muka ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta, da ƙasa a ƙafafunsu. Babban ɗan marigayin ya durƙusa a gabana.

"Baffa, mun jira har hadari ya haɗo. Ya bar wasiyya kai za ka sa shi."

Kafin in buɗe baki Sale ya ce, "Laifin jirgina ne, ya tsufa. Da ba don Baba ba ma da ba mu taso ba."

Suka shiga sa mini albarka. Wannan albarkar ta fi zagi ciwo. Na ce musu a'a, ni ne ban ɗaure noti ba, surutu ya ɗauke mini hankali. Wani dattijo cikin waɗanda muka hayo tare ya ce a hankali, "Ai duk mun gani, Alhaji. Mun ɗauka haka ake yi a Sudan."

Na tafi kabarin ni kaɗai, na yi masa addu'a, na ba shi haƙuri da harshensa.

Yanzu in na gama aiki, ko ɗaurin akuya ne, sai in miƙa wa mafi ƙanƙanta a wurin ya duba, in kuma kau da kai don kada kunyata ta hana shi.