Yadda Za Ki Faɗar da Cibiyar Jaririn Wata Kafin Ranar Suna

"Mma, cibiya tana da haƙora ne?"

Suhuyini ce ta yi tambayar, 'yar Kausara ta fari, a gidansu da ke unguwar Kaladan, ranar da ta ga ana matsa wa sabon ƙaninta man goge baki a ciki. Yarinya ce, ina ta san ilimi? Ke kuwa da kike son a san ke gwana ce a gidan barka, ga hanya. Daga Mma Salimatu aka samo ta, gwaggon Ganiyu mijin Kausara, wadda ba ta taɓa barin cibiya ta kai ranar suna ba. Ki bi ta daki-daki, tabbas cibiya za ta faɗi. Abin da zai biyo baya ba ya cikin alkawari.

1. Ki shigo da hannunki yadda yake

Kin sauko daga keken haya, wato yalo-yalo, kin gaisa da rabin unguwa, kin tsaya kin zaɓi kifi a bakin hanya. Madalla. Mai jego za ta ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Ki tsallake. In ta ce, "Mma, ga ruwa," ki ba ta amsar Mma Salimatu: "Amariya, ni za ki wanke? Hannun nan shi ya wanke wa mijinki kashi." Wa zai ja da hannu mai tarihi?

2. Ki fara da tsoratarwa

Ki buɗe zanin jariri, ki dubi cibiyar, ki ja tsaki. "Har yanzu? Wannan taurin kai gare ta paa! Wanzami zai zo, dangi za su zo daga Kanvili da Choggu, a fito da yaro da igiya kamar akuyar kasuwa?" Mace mai ɗanyen jiki, wadda rabonta da barci tun naƙuda, ba ta da ƙarfin gardama. Nan ce gonarki.

3. Ki raina na asibiti

Kausara ta ɗauko ɗan maganin da Madam Enyonam, nas ɗin da ta karɓi haihuwar, ta ba ta. Ta maimaita abin da aka gaya mata: wannan kaɗai za a shafa, da wankakken hannu, a naɗe pampas ƙasa da cibiya ta sha iska, kar a ja ta, za ta bushe ta faɗi don kanta.

Ga amsar gwanaye: "Ita Enyonam ɗin, 'ya'ya nawa ta haifa?" Ke ba ki sani ba, mai jegon ma ba ta sani ba. Kin ci.

4. Ki jira ta shiga wanka

Muddin uwa na zaune, ba aiki. Sai ki zama mai tausayi: "Je ki, ruwanki zai huce. Ba ga ni ba?" Da kin ji ƙarar kwano a bayi, ki kwance bakin zani. Man goge baki, gishiri, da ɗan man kaɗe daga ledar da ke jakarki tun azumi. Ki cakuɗa da yatsa, ki cusa, ki ɗaure da tsumma tamau. Yaro zai tsala ihu. Magani ne ke shiga.

In akwai yarinya mai yawan tambaya, ki fara aiken ta sayen koko. Nan Mma Salimatu ta yi sake. Kausara ta jiyo tambayar Suhuyini daga bayi, ta fito da kumfa a wuya, ta goge abin da zai gogu. Amma yatsa ya riga ya gama aikinsa.

5. In ta yi ja, ki ce nuna take

Kafin a ankara gefen cibiya ya yi ja ya kumbura, wari na tashi, jikin yaro kamar garwashi, ya ƙi kama nono. Duk uwa ta san wannan ba na jiran gobe ba ne: asibiti, yanzu. Naki shi ne ki tare ƙofa. "Baki ne. Wa ya zo barka jiya? Bari in jiƙa masa wani abu."

"Mma, ki ba ni hanya," in ji Kausara.

"Kafin suna za ki fita da shi? Ganiyu, kana ji?"

Ganiyu ya dubi gwaggonsa, ya dubi ɗansa, ya fita ya tsayar da yalo-yalo. Irin waɗannan maza su ke kashe wa mutum sana'a.

6. Asibiti ba wurinki ba ne

Kar ki je. A can tambaya ake yi: wa ya sa masa wannan? Ki ce ƙafarki ta tashi da ciwo. Ranar suna kuwa ta warke sarai. An raɗa wa yaro Abdul-Muhaimin yana kwance da allura a bayan hannu, uwarsa a kujerar roba a gefensa, ba lalle ba kwalliya. A gida Mma Salimatu ta ci shinkafa da wake, ta ƙulla na jikoki. Da labari ya iso cewa zazzaɓi ya sauka, cibiya kuma ta faɗi a gadon asibiti, sai ta tafa hannu: "To! Ban ce ba?"

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwanta da abin da zai samu jariri, balle abin da zai same ki. Ki dai sani an sallamo Abdul-Muhaimin, kuma Kausarar yanzu ba irin ta da ba ce. Yanzu da ƙofa a buɗe rabi take wanka, Suhuyini na zaune kusa da ƙaninta, an ce mata ta yi tambaya da iya ƙarfinta. Bokiti da sabulu suna nan a bakin ƙofa, an jingine muciya a gefensu. In kin zo barka, ki zaɓi wanda zai taɓa jikinki.