Jirgin Yaya Sani da Danƙon Fetur

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na naɗa kaina injiniyan jirgin sama ba, muƙamin da bai kai ni ko sallar magariba ba.

Jirgin na yayana Sani ne. Ɗan ƙarami ne na farin soso mai tauri, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da na'ura a hannu. Daga Yamai ya zo da shi, kuma duk Juma'a bayan la'asar mukan fita bayan garin Dogon Dutsi, shi yana tuƙi, ni ina gudu ina ɗauko masa. Ranar da zai tafi neman aiki Aljeriya ya ɗora shi a kan kabad ɗin ɗakinmu, ya ce, "Ga amana nan. Kak ka tashe shi sai na komo, mu tashe shi tare."

Na riƙe amana har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Amma kewa ba ta da kirki. Wata Juma'a ɗakin ya yi mini faɗi, na ce bari in ji ko da ƙarar injin ce, wataƙila in ji kamar yana kusa. Jirgi ya tashi lafiya lau. Saukar ce ba a taɓa koya mini ba (ni gudu kawai aka koya mini). Ya nufi rumbun maƙwabcinmu ya daka, fiffiken dama ya karye gida biyu.

A nan wayona ya motsa. Kowa a unguwarmu ya san yadda ake toshe kwanon rufi idan yana yoyo: ka samo farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin, ka jefa a fetur, wanda muke kira isansi, ya narke ya zama danƙo, ka shafa a hudar. Ni nake yi wa Inna duk shekara. Na ce ai ga magani, soso da soso 'yan uwa ne, dole su kama juna. (Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya narkar da na farkon ba.)

Da a ɗaki na yi abina, da da sauƙi. Sai na kwashe shi zuwa fadarmu, inda muke shan shayi da abokai, na shimfiɗa shi a tabarma ina ta bayani ana saurare. Na lafta danƙon a bakin karayar, na haɗa, na danne, har da ƙari don ya yi ƙwari.

Sai na ji yatsuna suna nutsewa. Fiffike ya fara lotsawa yana kumfa, yana zagwanyewa kamar man shanu a rana. Abokina Isufu, da butar shayi a hannu, ya ce, "Injiniya, jirgin naka hwa ya koma kunu!"

Ana cikin shewa wayata ta yi ƙara. Yaya Sani ne, kiran bidiyo, abin da mukan daɗe ba mu samu ba. Hannuwana duk danƙo, Isufu ya ɗauka, kuma don tsabar mugunta ya juya kyamarar kan tabarma.

Yaya ya ƙura wa jirgin ido. Can ya ce, "Mi kas sa mishi?"

Na ce, "Isansi da soso, Yaya."

"Isansi? Kai, jirgin nawa kwanon Inna na?"

Ya yi dariya har yana share hawaye. Ni kuwa kunya ta rufe ni, amma ban iya ɗauke ido daga fuskarsa ba. Ya rame, ya yi duhu. A gaban kowa bakina ya suɓuce, na ce, "Kewarka ta sa, Yaya."

Dariyar ta tsaya, har ta 'yan fada. Ya ce, "Kak ka ƙara taɓa shi. Aje shi hakanan. In na komo mu gyara shi tare." Layin ya yanke.

Na dai koyi darasi: abin da ke toshe rufin Inna ba ya gyara jirgi, kuma idan kewar mutum ta dame ka, ka kira shi, ka bar masa kayansa. Har gobe Injiniya ake kirana a fada. Isufu ya sha faɗa mini akwai gam na musamman a Yamai, ni kuwa ban saya ba. Jirgin yana nan a kan kabad da fiffike ɗaya da rabi. Gyaran na mutum biyu ne, kuma har yanzu ni kaɗai ne a ɗakin.