Tulunan Matan Zumunta

Ranar da matan zumuntar cocinmu za su je taro a Manchok daga Kafanchan, ni na hana a loda tulunan kiɗansu a a-kori-kurar Dattijo Bitrus.

Na ce wa shugabarsu, "Mama, sifirin gaban motarsa naɗaɗɗe ne, laushi kamar katifa. Tawa ƙarfe guda ya riƙe tayoyin gaba, kuma tayoyinta huɗu duka suna ja!"

Aka loda tulunan a tawa, muka kama hanya. Duk ramin da muka faɗa sai motar ta daka tsalle, ni kuwa ina ta murmushi, wai ƙarfi ke nan.

Muna isa, tulunan duk sun zama tsingaro.

Mama ta ce, "Ɗana, ƙarfenka dai lafiya ko? Mun gode Allah."

Da tafi suka yi waƙa ranar. Har yau, ina shiga coci sai su fara tafi.